Amsa: Da gaske jirgin fim ɗin The Flight of the Phoenix ya tashi?

Malam, ka tambaya ko jirgin da aka haɗa a hamada daga tarkacen wani da ya faɗo cikin fim ɗin 1965 ya tashi da gaske. Ƙwarai kuwa ya tashi. Wanda ya faɗo a farkon labarin Fairchild C-82 ne. Shi kuma na haɗin, kamfanin Tallmantz ne ya ƙera shi da katako da ƙarfe da sassan wasu jirage.

Abin tausayi, ranar 8 ga Yuli 1965 matuƙinsa Paul Mantz ya yi ƙasa ƙasa don kyamara kusa da garin Yuma a Amurka, jirgin ya daki tudun yashi ya karye. Nan take ya rasu, Bobby Rose, mai wasan kasada da ke tare da shi a jirgin, ya ji munanan raunuka. Da wani jirgi, O-47, aka ƙarasa ɗaukar fim ɗin.