Maganin sanƙo na shafawa: abin da ke hana shi aiki

Ɗan'uwa, ka ce wata biyu ke nan kana shafa minoxidil, maganin sanƙo, amma gashin sai ƙara zuba yake, har kana shirin dainawa. Dakata tukuna. Zubar da ke ƙaruwa tsakanin mako na 2 da na 8, tsohon gashi ne ke ba sabo wuri. Maganin nan ba a yanke masa hukunci sai ya cika wata 6.

Abin da ya fi cutar mutanenmu na Nima da Mamobi a Accra shi ne lokacin shafawa. Minoxidil mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, mililita 1 ake sawa, sau biyu a rana, a kan busasshiyar fatar kai, ba a kan gashi ba. Yana buƙatar kamar awa 4 kafin ruwa ya taɓa wurin. To sai mutum ya shafa ya kifa hula nan take, zufa ta kwaranye rabi, shafar kai a alwala ta kwashe saura. Shi ya sa bayan Asuba da bayan Isha'i suka fi dacewa. Na dare ka bar shi ya bushe kafin ka kwanta, kada matashin kai ya kai shi fuskarka. Man kaɗe kuwa sai daga baya. In ya riga shi, ya tare masa hanya.

In kai na ƙaiƙayi yana ɓarewa, galibi sinadarin propylene glycol da ke cikin na ruwan ne, sai ka koma na kumfa. Amosani kuma, shamfu mai sinadarin ketoconazole kashi 2 cikin ɗari, sau biyu a mako, a bar shi minti 5 kafin ɗauraya.

Dermaroller, wato ɗan abin garawa mai ƙananan allurai da ake bi da shi kan fatar kai, yana taimakawa; a gwajin da aka yi a Indiya a 2013, mai allura milimita 1.5 aka yi amfani da shi sau ɗaya a mako. Amma ka jira awa 24 kafin shafa magani, kada ka gurza kan kurajen aski, kuma don Allah ba a aronsa.

Minoxidil ba ya taɓa DHT, sinadarin da ke tsuke tushen gashi. Aikin wani magani ne wannan, finasteride, shi kuwa sai ka ga likitan fata, kamar a asibitin Korle Bu. Ka duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwalba, ka nisanta ta da kyanwa domin guba ce gare ta. In ka ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa, ka daina shafawa ka je asibiti.