Yaya za mu karrama masu aikin sa-kai a kulob ɗinmu na ninƙaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wani ƙaramin kulob da ke koya wa yara ninƙaya a nan Abuja. Muna hayar tafkin ninƙaya na wata makaranta duk ranar Asabar, kuma sau biyu a shekara muna shirya gasa tsakanin yaranmu da na wasu kulob-kulob. Koci ɗaya kawai muke biya, sauran aikin kuwa iyaye ne da wasu ɗalibai suke yi kyauta. Bana mutum huɗu sun daina zuwa ba tare da sun faɗi dalili ba. Yanzu kwamitinmu ya rabu biyu: wasu na cewa a riƙa ba su ambulan na kuɗi bayan kowace gasa, wasu na cewa a yi walima a ƙarshen shekara, a zaɓi gwarzo ɗaya a ba shi lambar yabo. Wanne ya fi dacewa? Daga wata uwa a Gwarimpa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima. A ganina, ko ambulan ko walima, babu wanda zai dawo muku da mutanen nan huɗu, domin da wuya mai aikin sa-kai ya gudu saboda rashin kyauta. Abin da ya fi korar sa shi ne ya lura cewa babu wanda ya san ainihin aikin da yake yi, ga shi kuma yana kashe kuɗin aljihunsa kafin ya iso, kuma ba a taɓa neman shawararsa a kan komai ba. Idan kuka gyara waɗannan, walimar za ta yi armashi; idan kuka bar su, allon karramawa zai tafi ya kwanta a kan kabad, mai shi kuma ba zai dawo ba.

Ya kamata kwamitinku ya fara da sanin nauyin abin da ake yi masa kyauta. Ninƙaya na cikin wasannin da suka fi cin ma'aikata. A wasan ƙwallon ƙafa na unguwa, alƙali ɗaya da mataimaka biyu sun wadatar. A gasar ninƙaya kuwa, inda babu na'urar da ke ɗaukar lokaci da kanta, abin da aka fi so shi ne a sa mutum uku masu agogo a kan kowane layi, wato tafki mai layi takwas zai ci mutum 24 a wannan aiki kaɗai. Idan agogo biyu daga cikin ukun suka yi daidai, lokacinsu ake ɗauka. Idan duka ukun suka saɓa, sai a ɗauki na tsakiya. Ban da su akwai alƙalin gasa, da mai ba da alamar tashi, da masu tafiya a gefen tafki suna duba salon iyo, da masu tsayawa a bakin bango suna duba juyawa, da mai tara yara kafin a kira su, da mai rubuta sakamako, da mai sanarwa. Ƙananan gasanni irin naku sukan rage wannan adadi sosai, amma ko an rage, da wuya a yi gasa mai tsari da ƙasa da mutum goma sha wani abu.

Kuma aikin ba tsayuwa ba ce kawai. Ki dubi mai riƙe agogo a layi na huɗu: yana danna agogonsa daidai lokacin da alamar tashi ta fita, sa'an nan idan yaro ya doso bango sai ya sunkuya a kan bakin tafkin, ruwa na fallatsa masa har gwiwa, idonsa a kan hannun yaron, ba a kan kansa ba, domin taɓa bango ne ƙarshen tsere. Zai maimaita wannan daga safe har azahar a cikin ranar Abuja ta watan Maris. Mai duba juyawa kuma dole ya san cewa a iyon kwaɗo da iyon malam-buɗe-littafi sai yaro ya taɓa bango da hannu biyu a lokaci guda, kuma a iyon rigingine ba a yarda ya wuce mita 15 a ƙarƙashin ruwa ba bayan tashi ko juyawa. Idan ya ga an saɓa, shi ne zai kai rahoto a soke tseren yaron, shi ne kuma zai sha harara daga uban yaron, wanda mai yiwuwa maƙwabcinsa ne.

Tarihin wasan ma ya nuna girman wannan aiki. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, a tseren mita 100, agogo uku na layin Lance Larson ɗan Amurka sun nuna daƙiƙa 55.0 da 55.1 da 55.1, na John Devitt ɗan Ostareliya kuwa duka ukun sun nuna 55.2, amma alƙalan da ke kallon wanda ya fara taɓa bango suka rabu, a ƙarshe aka ba Devitt zinariya. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya na cikin abubuwan da suka hanzarta kawo allon lantarki da mai iyo ke taɓawa a jikin bango, wanda aka yi amfani da shi a Olamfik ta Meziko a 1968. Kulob irin naku bai da wannan allo, saboda haka babban yatsan mai aikin sa-kai shi ne na'urarku, kuma lokacin da ya rubuta shi ne za a duba ranar da ake neman yaran da za a gwada domin Gasar Matasa ta Ƙasa.

To, batun kuɗi. Ku raba abu biyu da mutane ke yawan haɗawa: mayar wa mutum abin da ya kashe, da biyan sa ladan aiki. Na farko haƙƙi ne, ba kyauta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗalibin da zai taso daga Kubwa ko Nyanya ko Lugbe ya zo tsakiyar gari da sassafe ya koma, ba ƙaramin kuɗi yake kashewa ba, kuma kunya ba za ta bari ya ce miki kuɗin mota ne ya hana shi zuwa ba. Ina kyautata zaton cewa a cikin huɗun nan naku akwai wanda wannan ne dalilinsa. Ku tsayar da kuɗin mota gwargwadon nisa, ku rubuta shi a fili cikin kasafin kulob, a ba kowa ba tare da ya roƙa ba. Wanda Allah ya hore masa yana iya mayar da nasa asusun kulob a asirce. Ku haɗa da ruwan sha, da abinci a kan lokaci, da rumfa ko lema, da tsarin karɓa-karɓa domin kowa ya samu ya yi salla ba tare da an bar layinsa babu kowa ba.

Ambulan na ladan aiki kuwa ba na goyon bayansa. Da zarar ya shigo, mutum zai fara auna wahalarsa da abin da ke ciki, kuma abin da ƙaramin kulob zai iya sakawa ba zai taɓa kai darajar wunin likita ko lauya ko malamin makaranta da ya bar hutunsa ya zo ba. Bayan haka, ambulan ba ya ɓoyuwa: ranar da aka ji cewa na wane ya fi na wance kauri, kun sayo rigimar da ba ku da ita a da. Wuri ɗaya ne na ware. Mai ceton da ke zaune yana gadin ruwa ya kamata ya kasance ƙwararre mai takardar shaida, a biya shi kuɗinsa cikakke, kada a ɗora masa wani aiki daban yayin da yara ke cikin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wannan kujera ba a cike ta da mai kyakkyawar niyya kawai.

Game da zaɓen gwarzo ɗaya, matsalarsa ita ce ido ya fi ganin mai riƙe da lasifika. Wanda ake gani shi ake zaɓa, alhali matar da ke tsaye a ɗakin sauya kaya tana kula da 'yan mata, tana ɗaure musu hula, tana rarrashin mai kuka, babu wanda ya san da ita. Amma ke kin fi ni sanin cewa a cikin al'ummarmu iyaye da yawa ba za su kawo 'ya'yansu mata ba in ba don sun san akwai mace babba a wurin ba. Rashin wannan baiwar Allah zai iya rage muku yara fiye da rashin koci. Don haka idan za ku yi karramawa, ku yi ta bisa aiki, ba bisa farin jini ba, kuma ku ambaci aikin da sunansa. Akwai bambanci mai yawa tsakanin a ce "muna godiya ga duk waɗanda suka taimaka" da a ce "Malama wance ce ta tsara jerin tsere na gasannin bana duka biyu, kuma babu yaron da aka manta da sunansa". Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba, kuma godiyar da ta fi shiga rai ita ce wadda ta nuna an lura.

Wannan ba zai yiwu ba sai da rubutu. A matsayinki na sakatariya, ki buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta sunan wanda ya zo, da ranar, da aikin da ya yi. Littafin zai hana son kai wajen zaɓe, zai nuna miki wanda aka lafta wa kaya fiye da kima tun kafin ya gaji ya tafi, kuma daga cikinsa za ki ciro wasiƙar shaida. Ga ɗalibi ko mai yi wa ƙasa hidima, wasiƙa a kan takardar kulob mai sa hannu da hatimi, wadda ta bayyana watannin da ya yi da irin amanar da aka ba shi, ta fi masa kowane kofi amfani ranar da yake neman aiki ko gurbin karatu.

Karramawar da na fi daraja kuwa ita ce horo. Ku biya wa masu ƙwazo kuɗin kwas na taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi, irin wanda ƙungiyar agaji ta Red Cross ke bayarwa. Ku riƙa tuntuɓar ƙungiyar ninƙaya ta Birnin Tarayya da Hukumar Wasannin Ruwa ta Nijeriya domin jin lokacin da za a yi kwas na alƙalanci, ku tura sunayen mutanenku. Dokokin da za su koya su ne na hukumar duniya, wadda aka kafa a Landan a 1908 da sunan FINA, ta koma World Aquatics a ƙarshen 2022. Wanda ya fara da riƙe agogo a tafkin makaranta yana iya zama mai duba juyawa, daga nan mai ba da alamar tashi, har wata rana a gan shi da fararen kaya a bakin tafkin filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina domin Gasar Wasannin Afirka ta 2003. Mutumin da ya ga hanya a gabansa ba ya saurin ajiye aiki. Haka nan ku ware kujera ɗaya a kwamiti ga wakilin masu aikin sa-kai, su zaɓe shi da kansu, a kuma saurare shi kafin a tsayar da ranar gasa, musamman idan ta kusanci azumi ko lokacin jarrabawa.

Walimar kuma ku yi ta, ban hana ba. Ranar 5 ga Disamba ita ce Ranar Masu Aikin Sa-kai ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1985, kuma ta zo daidai da lokacin da hunturu ke sa yara ja da baya daga ruwa, don haka Asabar mafi kusa da ita za ta yi. Sai dai ku kiyaye abin da ya zama ruwan dare a tarukanmu, inda ake gayyato babban baƙo, a jira shi awa biyu, a ba shi allo mafi girma, waɗanda suka yi aikin kuma su ne masu jera kujeru da raba abinci. A wannan rana 'yan kwamiti ne za su yi hidima, yaran kuma su miƙa takardun karramawa da hannunsu ga waɗanda suka riƙe musu agogo. Ki kuma tambayi kowa tukuna, domin akwai wanda yake aikinsa don Allah, yana gudun riya, ba ya son a kira sunansa a bainar jama'a ko a sa hotonsa a Facebook. Irin wannan sai shugaban kulob ya taka har gida ya yi masa godiya.

Su kuwa huɗun da suka ɗauke ƙafa, kada a tura musu saƙo a zauren WhatsApp na kulob. Ki kira kowannensu da kanki, ki gaishe shi da iyali, ki faɗa masa takamaiman abin da kuka rasa tun tafiyarsa, sa'an nan ki tambaye shi abin da ya dame shi, ki saurara ba tare da kare kwamiti ba. Kada ki nemi ya dawo a wannan kiran na farko. Idan ya nuna sha'awa daga baya, ki ba shi aiki mai iyaka, misali Asabar ɗaya a wata ko gasa ɗaya a shekara, ki kuma tabbatar an tsaya a kan hakan.