Amsa ga Hajiyar da lauya ya ce ɗanta ya amsa laifi

Hajiya, Allah ya yaye miki. Kin ce an kama ɗanki a Amurka bisa zargin ɗaukar kaya a wurin aikinsa, yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma lauya ya ce ya amsa laifi a yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara ɗaya, ba sai ya shiga gidan yari ba. Don girman Allah ki kira shi yau ɗin nan, kada ya sa hannu a komai. Da wannan maganar sak aka cuci ƙanina.

Lauyan da kotu ta ba shi kyauta ko zama bai yi ba. A tsaye a barandar kotu, da tulin fayil a hammata, ya miƙa masa biro ya ce sa hannu ka koma wajen iyalinka. Yaron ya tambaye shi, to takarduna na zama fa? Ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne. Ba ɓangarensa ba ne! Mutumin da ya yi karatun doka, ya san baƙo ne a gabansa, ko ya ce masa je ka tambayi wani bai yi ba, sauri yake ya rufe fayil. Ni dai har yau ban yafe masa ba, Allah ya isa.

Abin da ya ɓoye shi ne, tun gyaran dokar 1996, satar da aka yanke wa shekara ɗaya tana cikin manyan laifukan da ke jawo kora daga ƙasar, ko da mutum bai kwana a ciki ba. Abin da alƙali ya rubuta ake dubawa. Da kwana 364 aka rubuta, da bai faɗa wannan rukuni ba, da yana da damar roƙon alƙalin shige da fice ya bar shi, tunda ya haura shekara 5 da girin kad da shekara 7 a ƙasar, kamar yadda doka ta nema. Kwana ɗaya tal ya rufe ƙofar.

Ya je ofishin da yake sa hannu duk wata, jami'an ICE, hukumar da ke kama baƙi kan dokar shige da fice, suka ɗauke shi, babu beli. A kotun shige da fice kuma gwamnati ba ta ba ka lauya, ko ka biya ko ka tsaya kai kaɗai. Filinmu na Rijiyar Zaki muka sayar, na je Wapa na canza, kuɗin fili guda suka koma ɗan ƙulli a aljihun gaba. Lauya na biyu, Allah ya saka mata, ita ta gaya mana cewa tun 2010, a shari'ar Padilla, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya faɗa wa wanda yake karewa idan amsa laifi zai jawo masa kora. Ta nemi a soke hukuncin farko, lauyan farko ya musanta, maganar baranda kuma ba ta da shaida.

Ranar da na ɗauko shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, 'yar jaka ɗaya ce a hannunsa, takalminsa ko igiya babu. Inna ba a gaya mata ba saboda hawan jini, ta zaci ziyara ce. Ta sa an yi dambu da zoɓo, tana ta leƙen ƙofa tana tambaya ina Amarya, ina yaran, ko suna mota? Ya durƙusa zai gaishe ta ya kasa tashi. Yaran suna can, ta waya suke ganinsa.

Ki nemo lauyan da ya haɗa shari'ar laifi da ta shige da fice, ko na shige da ficen ya zauna da na farko kafin a je gaban alƙali. Duk abin da za a ce wa ɗanki kan takardunsa, a rubuce. Kuma kada ya zo gida kafin a gama, ko bikin wa za a yi, don a filin jirgi ake tare mutum in ya koma. Ku guji masu cewa suna da hanya a ofishin jakadanci, wani a nan garin ya karɓi kuɗinmu ya kashe waya. Masu 'ya'ya a can ma ku ja musu kunne kan wiwi, ko jiharsu ta halatta, dokar tarayya ake bi a maganar takardu.

Hajiya, wace jiha yake, kuma wace shekara ya samu katin? Lauya zai fara da waɗannan biyun, ki tambaye shi yau kafin ranar zaman kotun ta matso.