Tambaya da Amsa: Nutso a Jiragen Ruwan da Suka Nutse

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala horon farko na nutso da tukunyar iska, kuma burina in ga jirgin Thistlegorm da ke Bahar Maliya. Takardar da nake da ita ta isa in shiga cikinsa? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta isa ba. Horon farko ya tsaya ne a zurfin mita 18, shi kuwa wannan jirgi, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance a kusan mita 30. Sai ka ƙara horon zurfi kafin ma ka zagaya shi ta waje. Shiga ciki kuma yana da nasa horon daban, domin a buɗaɗɗen ruwa in abu ya ɓaci sama kake nufa, amma a cikin jirgi ƙarfe ne a kanka. Dole sai ka koma ta inda ka shigo tukuna.

Ko bayan horon, ƙa'idar masu nutson nishaɗi ita ce kada ka wuce inda hasken ƙofar shiga yake kaiwa. Sannan in an haɗa zurfin ruwa da nisan da ka shiga ciki, kada jimillar ta haura mita 40. Wato a zurfin mita 30, mita 10 kawai gare ka.

Tambaya: Me ya sa ake yawan maganar laka? Ai akwai tocila.

Amsa: Tocila ba ta ratsa laka, kuma wannan ne abin da ya fi damunmu da sababbin masu nutso. Ɗakunan jirgi sun shekara suna tara laka mai laushi kamar gari. Bugun ƙafa ɗaya na ganganci ya isa ya tayar da ita, cikin 'yan daƙiƙoƙi ka daina ganin ko tafin hannunka. Kumfar numfashinka ma in ta bugi rufi tana kakkaɓo tsatsa. Abin da ke yaudarar mutum shi ne gabansa ruwa garau ne, a bayansa ne hanya take rufewa, ba zai sani ba sai ya juyo.

Maganinta igiya ce. Ka ɗaura igiyar kwarkwaronka a waje, a abin da ba ya motsi, ka ƙara ɗauri na biyu da zarar ka shiga ƙofa. Kana tafiya kana warware ta a miƙe, kana saƙala ta a kowace kwana, nesa da bakin ƙarfe mai kaifi. In laka ta tashi, tsaya cak. Zagaye igiyar da babban yatsa da manuni, ka bi ta a hankali zuwa waje, abokin nutsonka yana riƙe da hannunka. Kada ka ja jikinka da ita, tsinkewa za ta yi. Ka kuma koyi bugun ƙafa irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa. Tocila biyu ce mafi ƙaranci, uku ta fi.

Jirgin da ya kwanta a gefensa ya fi rikitarwa. Zenobia, wanda ya nutse kusa da birnin Larnaka na tsibirin Cyprus a 1980, haka yake a zurfin mita 42: bango ya zama ƙasa, ƙofa ta koma sama. In ka rikice, dubi inda kumfarka ta nufa, can ne sama.

Tambaya: Yaya zan lissafa iskata? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, raba ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya don ke ko abokin nutsonki. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsi ne, ɗaya kusan daidai da matsin iskar da ke saman ruwa) tana ɗauke da lita 2,400. Matsi yana ƙaruwa da bar ɗaya a kowace mita 10, saboda haka a mita 30 kina shaƙar ninki huɗu na abin da kike shaƙa a sama. In lita 20 kike ja a minti a sama, a can lita 80 ce, kashi ɗayan nan na lita 800 minti 10 ne kacal. Ki juya da ma'auni ya sauko kusan bar 135, ko da ba ki ga abin da kika je gani ba. Tsoro yana ninka numfashi, shi ya sa ba a taɓa ajiyar.

Lokaci ma yana da iyaka: a mita 30 kusan minti 20 ne kafin naitirojin na iskar da kike shaƙa ya taru a jiki har hawa kai tsaye ya zama haɗari. A wannan zurfin kuma yana iya sa maye, tunani ya yi nauyi. Ki hau a hankali, kamar mita 9 a minti, ki tsaya minti 3 a mita 5.

Tambaya: In na maƙale fa?

Amsa: Kifi yana taruwa a jiragen nan, don haka tsofaffin taru da zaren fatsa sun yi yawa a jikinsu. Kada ka juya jiki, ƙara naɗewa za ka yi. Yi wa abokinka alama da tocila ya warware ka, domin yawanci a wuyan tukunya abin yake kamawa, inda ba ka gani. Riƙe abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, a inda kowane hannu zai kai.

In ka ci karo da iskar da ta taru a ƙarƙashin rufi, kada ka cire abin numfashi daga baki, tsatsa kan cinye oksijin ɗin da ke cikinta. Kada ka taɓa harsasai ko bamabaman jiragen yaƙi. Bayan fitowa, in ka ji ciwon gaɓoɓi, jiri ko mutuwar wani sashen jiki, a ba ka oksijin zalla nan take, a nemi asibiti mai ɗakin matsi, wato ɗakin da ake ƙara matsin iska don jinyar masu nutso. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ka yi, awa 18 in ka maimaita.