Laifin ekiran ne ko na yatsa?

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya, magariba ta kawo kai ban samu na ba ka amsa ba. Ka ce saurayin nan na Bukoki da muka sauya wa gilashin waya ranar Talata ya dawo yana faɗa, wai tun da muka taɓa wayarsa ya kasa wuce wurin da ya saba wucewa a wasan waya na Geometry Dash. Ka karɓa ka gwada, kai ma a nan kake mutuwa, ni kuwa da furfurata na ɗauka na wuce. Sai ka ce: "Maigida, ta yaya zan gane laifin ekiran ne ko na hannu? Kuma me zan yi hannuna ya kamo naka?"

Tambaya biyu ka haɗa. Ta farkon ita ce abincinmu, da ita zan fara.

Kada ka kuskura ka ce wa mai waya "hannunka ne" ba ka auna ba. Mu muka buɗe wayar, mu muka karɓi jikkunansa, nauyin bincike a wuyanmu yake. Wucewar da na yi ma ba ta wanke gilashin nan ba. Sau uku na mutu kafin in wuce, kuma a na ukun na ji sai na riga taɓawa da ɗan kaɗan sannan tsallen ke zuwa daidai. Hannun da ya daɗe yana wasa yakan rufa wa waya asiri ba tare da mai hannun ya sani ba. Saurayin nan watakila gaskiya gare shi.

Wasan, wanda Robert Topala ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2013, taɓawa ɗaya ce tak aikinsa. Ɗan akwatin yana gudu da kansa, kai tsalle kawai kake ba shi, ƙaya ɗaya ta shafe shi ka koma farko. Dalilin da ya sa na ajiye shi a wayar shago ke nan. Mai WhatsApp da kallon bidiyo zai shekara da gilashi mai nawa bai lura ba, amma wannan wasa cikin minti ɗaya yake tona shi.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Cire caja, domin caja mai arha tana shigar da wuta marar tsabta, ekiran ya riƙa jin taɓawar da ba a yi ba, ko ya ƙi jin wadda aka yi. Kashe tsarin tsimin batir, yana rage wa waya ƙarfi da gangan. Ɗora bayan hannunka a bayan wayar. A Yamai, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, a rumfar kwano irin tamu ta bakin Wadata ma ya fi haka, kuma waya idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudun injinta don kada ta ƙone. Sai hoto ya fara tsinkewa a daidai wurin da ake neman santsi. Tambaye shi kuma ko da ekutar marar waya yake wasa. Sauti ta Bluetooth yana iya makara kashi ɗaya cikin goma na sakan, ko ninkin haka, alhali wasan kan kiɗa aka gina shi. Kunne na jin bugu, ƙayar ta riga ta iso.

In duk wannan lafiya, sai ka koma kan aikinmu. Shiga saitin waya, wurin bayanin wayar, ka danna lambar sigar manhaja sau 7, ƙofar masu ƙera manhaja za ta buɗe. A ciki akwai wurin da ke sa waya ta zana layi duk inda yatsa ya bi. Ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan da sauri, ka duba ko ya yanke ko ya yi karkarwa. Yawancin Samsung kuma in ka buga *#0*# gwajin taɓawa zai fito maka.

Awon da na fi yarda da shi kuwa shi ne na kyamara. Ekiran na yau da kullum yana sauya hoto sau 60 a sakan ɗaya, wasu sababbin wayoyi sau 120. Akwai gilashin canji mai arha da ba ya wuce 60 ko da wayar ta 120 ce, kuma yaron da idonsa ya saba da 120 nan take zai ji kamar an ɗaura wa akwatinsa dutse. Ɗauki wayar da ke ɗaukar bidiyo a hankali, mai hoto 240 a sakan, ka kafa ta a gefe yadda za ta ga yatsanka da ekiran tare. Taɓa sau goma. Sannan ka bi bidiyon hoto bayan hoto, ka ƙirga nawa ne tsakanin saukar yatsa da tashin akwati. Ka maimaita da wata waya irin tasa mai gilashin asali. In tazarar ta fito fili, magana ta ƙare, gani ya kori ji.

To, sai batun hannunka.

Ka cire wa ranka cewa na fi ka saurin ido. Kai ka fi ni, shekaru suna rage wannan. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, mutum lafiyayye yana cin kusan rubu'in sakan, wato hoto wajen 15 sun shige a ekiran mai 60. A wuraren da wasan ya yi tsanani, ƙaya ba ta ba ka wannan lokacin. Duk wanda ka ga yana wucewa, ba gani yake yi sannan ya taɓa ba. Ya riga ya san abin da ke tafe, yatsansa ya haddace, idon tabbatarwa kawai yake yi.

Kai ma ka san wannan a aikinka, ba ka dai haɗa su ba. Ka tuna watanninka na farko, da nake sayo maka matattun wayoyi a Katako kana koyon liƙa bakin caji? Kana ɗora ƙarfe a kan ƙafar, ka zuba ido kana jiran ka ga dalma ta narke, kafin ka ɗaga allon ya yi baƙi. Yanzu fa? Kana ɗorawa, dalma ta yi ƙyalli, hannunka ya riga ya tashi, kana ma hira da mai waya. Ba sauri ka ƙara ba. Sau ɗaruruwa ka yi har hannun ya san tsawon lokacin da kansa.

Na tsaya a bayanka shekaranjiya ina kallo, kuma kuskurenka biyu ne. Idonka a kan akwatin yake, alhali akwatin ba ya zuwa ko'ina, a wuri ɗaya yake a ekiran. Mai da idonka gaba, wajen dama, inda ƙayoyi ke shigowa, kamar mai kabu-kabu da ke kallon mararraba tun daga nesa, ba tayar gabansa ba. Na biyun ya fi girma: kullum daga farko kake tasowa. Ka buga farkon matakin sau ɗari uku, tsakiyarsa sau ashirin, ƙarshensa ko sau ɗaya ba ka gani ba. Ranar da ka yi sa'a ka kai kashi 90 cikin ɗari, zuciya na bugawa, tafin hannu ya jiƙe, ga wuri baƙo a gabanka. Dole ka faɗi.

Wasan yana da wurin gwaji, inda kake ajiye ƴan alamomi kore, in ka mutu ka tashi daga nan. Yara suna raina shi, suna ganin kamar ragwanci ne. Can ne ake koyo. Ka ajiye alama gab da wurin da ke kashe ka, ka maimaita ɗan guntun nan har ka wuce shi sau goma a jere ba kuskure. In ka faɗi a na takwas, koma ɗaya. Sannan ka ja alamar baya kaɗan, ka haɗa shi da abin da ke gabaninsa, domin a mahaɗa ake yawan mutuwa. Ni daga ƙarshen mataki nake fara koyo ina dawowa baya, yadda duk nisan da na yi a wasan gaske, wurin da na fi sani nake shiga. Abu ɗaya ka kula da shi: kiɗan wurin gwaji daban yake da na matakin, don haka bayan yatsa ya iya, sai ka ba kunne nasa lokacin.

Riƙon waya ma ka duba shi. Kana damƙe ta da hannu biyu, babban yatsa ya sandare. Gwada kwantar da ita a tebur ka yi da manuni, mara nauyi, musamman inda akwatin ke zama jirgi, ka danna ya hau ka saki ya sauka. Riƙo ba ƙaramin abu ba ne. Wasan Tetris na Nintendo da ya fito a 1989, shekara da shekaru ana ɗaukar mataki na 29 a matsayin iyaka, saboda babban yatsa ba ya iya bin gudunsa. Sai matasa suka sauya riƙo, suka koma buga ƙasan manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, da yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar masu kaɗa kalangu. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 har wasan ya tsaya cak.

Idan ka ga ka fara mutuwa a wurin da ka iya, ajiye wayar. Haushi yana sa yatsa riga lokaci. Abin da ya gagare ka da dare sau da yawa da safe za ka wuce shi a gwaji na biyu, domin cikin barci ne hannu ke ajiye abin da ya koya. Rabin awa bayan isha'i ta ishe ka. In ka ji tsami a gindin babban yatsa ko wuyan hannu, ka huta kwana biyu. Da wannan hannun za ka riƙe ƙarfe da hantsaki har ka buɗe shagonka, ban yarda ka kashe shi a kan wasa ba.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, kafin rumfa ta ɗau zafi. Na karɓi aron waya irin tasa daga maƙwabcinmu mai sayar da caja, tana cikin aljihun tebur. Kai za ka yi awon, ni in riƙe kyamara. Ka kira saurayin ya zo ya ƙirga hotunan da idonsa. In gilashinmu ne ke nawa, za mu sauya masa ba dala ko ɗaya, ni kuma in koma wurin wanda ya sayar mana.