Me ya sa ƙwararru ke yanke zaren da bai tsinke ba?

Ka ce da ni: "Maigida, me ya sa manyan 'yan tanis ke shiga fili da raket shida ko fi a jaka, su canza ana tsakiyar wasa, kuma a yanke zaren da ko tsinkewa bai yi ba? Wannan ba almubazzaranci ba ne?" To yaro, tunda ɗaurin zaren raket kake koyo a wurina, aje almakashin nan ka saurara, don amsar ba daga zaren take farawa ba, daga mai raket ɗin take farawa.

Ɗan ƙwallon Kano Pillars yana da kulob, yana da albashi ko ya buga ko yana benci. Ɗan tanis ba shi da wannan gatan. Falke ne, yau yana wannan ƙasa, mako mai zuwa yana waccan, kuma kuɗin jirgi da na koci da na ɗaurin raket a wurin gasa duk daga aljihunsa suke fita. A ƙananan gasanni har masauki shi zai nema wa kansa. Akwai gasannin ITF, wato hukumar tanis ta duniya, da duk abin da za a raba wa 'yan wasa dala 15,000 ne, wanda aka kora a zagayen farko kuwa abin da zai samu ba ya mayar masa da kuɗin tikiti. Makin da ya ci na jadawalin 'yan wasan duniya ma ba ya zama: bayan mako 52 sai ya zube, dole ya sake ciyo wani. A Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, mutum 128 ne ke fafatawa, kusan ɗari na saman jadawali su shiga kai tsaye, mafi yawan sauran sai sun ci wasa uku na share fage.

Namu ma ya taɓa kaiwa can. Nduka Odizor ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ya yi karatu a jami'ar Houston a Amurka, a 1983 ya shiga cikin sha shida na ƙarshe a Wimbledon, a 1984 ya kai na 52 a duniya. Ka riƙa gaya wa yaran da ke tsintar ƙwallo a Kano Club, su daina raina kansu.

To mutumin da cinsa da shansa suka rataya a kan ƙwallo ta faɗi cikin layi ko ta wuce da faɗin yatsa, ba shi da iko da iska, ba shi da iko da rana, balle abokin karawa. Zaren nan kaɗai ne a hannunsa. Shi kuwa zare tun daga lokacin da ka sauke raket daga inji yake fara saki, ko ba a buga da shi ba. Ka taɓa buga tafin hannunka a kan wadda muka ɗaure da safe, ka sake bugawa bayan kwana biyu? Ƙarar ta sauka. Kai da kunne ka ji, shi da hannu yake ji, ƙwallon da ya saba sa wa a kan layi ta fara zarcewa. Zare in ya yi sako-sako yana ƙara wa ƙwallo gudu, in ya yi tauri yana ba ka iko da inda za ta sauka. Shi ya sa da yawansu ke ɗauko sabuwar raket daidai lokacin da ake canza ƙwallaye, wato bayan gem (ƙaramin kashi na wasa) bakwai na farko, sannan bayan kowane tara, don sabuwar ƙwallo ta fi tashi.

Zaren ma iri-iri ne. Mafi daɗin hannu da tsada da hanjin saniya ake yinsa (e, hanjin nan da ake sayarwa a kwata), kamfanin Babolat na Faransa tun 1875 yake wannan sana'a. Yana riƙe tauri sosai, sai dai ba ya shiri da laima. Sai na roba mai ƙarfi, foliyesta, wanda ya yi suna bayan Gustavo Kuerten na Birazil ya ci gasar Faransa a 1997 da zaren Luxilon. Shi ne ke ba ɗan wasa damar ya maka ƙwallo da duk ƙarfinsa ta juya ta nutse cikin fili, irin bugun Nadal da ya ci wannan gasar sau 14. Aibinsa saurin mutuwa: kana ganinsa lafiya lau, amma rai ya fita. Roger Federer, kafin ya yi ritaya a 2022, haɗawa yake yi, hanji a tsaye, foliyesta a kwance, kuma yana da masu ɗaure masa na kansa da ke binsa manyan gasanni, don kada hannu ya canza.

Nan ne aikinka yake. Gwanintar mai ɗauri ba sauri ba ce, a ce raket uku ka ba mutum ya kasa bambance su. In lokacin gasar tanis ta Dala Hard Court ta Kano ya zo za ka ga yadda suke zuwa daga Legas da Abuja da Kaduna, kowa da lambarsa. Wanda ya ce a ja masa zare da ƙarfin kilo 24, rubuta a kati da irin zaren da ranar, kada ka ce ai 25 ta fi. In zafin bazara ya sa ƙwallo na tashi masa, shi zai ce ka ƙara. Wajen saƙa na kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bi da yatsa kafin ka ja, don in ka tsallake guda sai an warware. In za ka yanke tsoho, fara daga tsakiya ka yi waje, kada firam ya karkace.

Amma fa kada ka kwaso dokar ƙwararru ka ɗora wa Alhajin da ke zuwa motsa jiki bayan la'asar, ko yaro ɗan shekara goma. In suka ce a sa musu irin na Nadal, lallaɓa su ka sa na nailan mai laushi, ka rage ja kaɗan. Foliyesta mai tauri gwiwar hannu yake ci, kuma in ta fara ciwo wurinka za su dawo da ƙorafi.