Ina dalmar Korle take zuwa idan ta shiga teku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Nima, cikin birnin Akra. An ce da kwamfuta ake gano inda dalma da tagullar da kogin Odaw ke kwasowa daga Agbogbloshie, inda kasuwar gwangwan take a da, suke dosa bayan sun fita teku ta bakin tafkin Korle. Yaya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ana fara raba taswirar gaɓar gida-gida, ƙanana a bakin Korle, kamar mita 20 zuwa 50, manya can cikin teku, kowane gida da zurfinsa. Sai a ba manhaja irin Delft3D ko MIKE 21 abubuwan da ke tura ruwa: iska, igiya, da cika da janyewar teku, wanda a Akra sau biyu ne a rana, tazararsa wajen mita ɗaya. Igiyar daga kudu maso yamma take zuwa, shi ya sa abin da ya fito daga Korle yakan bi gaɓa ya yi gabas, wajen Jamestown.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar ƙarfe kamar gishirin da ya narke. Dalma laka take kamawa. Ka tace lita ɗaya ta ruwan Korle da matata mai ramin maikiron 0.45 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ka dubi baƙin dattin da ya rage a kanta: a nan galibin dalmar take. Dole ka auna kason da ke jikin laka da wanda ya narke, kowane ƙarfe daban. Da ruwan kogi ya haɗu da na gishiri, lakar sai ta dunƙule ta kwanta da dalmarta. Ƙarfen kadmiyom kuwa akasin haka yake yi, gishiri na ɓamɓare shi daga laka ya tafi nesa. Wanda ya ba dalma da kadmiyom kaso iri ɗaya a manhajar ya ɓata aikinsa.

Kada ka manta da lakar ƙasa. An rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a 2021, amma abin da ya kwanta yana nan, ambaliyar Yuni kuma tana tayar da shi, alhali masunta na jefa raga a wannan gaɓar.

A ƙarshe ka gwada lissafinka da awon gaske na kwana 15 a jere, rani da damina. Ɗebi ruwan a gorar roba da aka wanke da asid, nesa da injin kwalekwale, ka tace, sannan ka ɗiga asid ɗin naitirik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin gorar.